Koren Kan Jirgin Malam

Da sunan Allah nake ci gaba, Shi da ya ara mini kwana har na riƙe biro da furfura a kaina. Wannan babin naku ne duka, amma ya fi zama naka, Kabiru. Ka ga na rubuta sunanka. Tun da na haife ka ban taɓa kiransa da bakina ba, kunyar ɗan fari ta hana ni, sai dai in ce Babba. To, takarda ba ta san kunya ba, ni ma na tsufa da ita. Na san abin da ake faɗa a dangi. Wai ka ɗauko wa ubanka tsaraba tun daga Ingila, ni kuwa na ɗauke ta na jefa saman kabad, na tafi gwanjo na sayo masa tsohon ƙarfe, don kawai ba na son wani ya fi ni a wajensa. Matar ƙanina ta faɗi haka a gidan suna, ba ta san ina bayan labule ba. Ban tanka ba, domin a lokacin ina da majinyaci a hannu. Yanzu ba abin da ke hannuna sai biro, saboda haka ku gyara zama ku ji.

Jikokina ba su san Malam da lafiyarsa ba, don haka bari in faɗa musu ko shi wane ne. Direban jirgin ƙasa ne. Ya fara aikin reluwe yana saurayi, a matsayin mai zuba kwal, tsaye gaban wuta daga Ikko har Jebba da shebur a hannu. Da aka kawo kawunan jirgi masu shan dizal sai aka ɗaga shi ya zama direba, kuma a wannan shekarar ya aure ni. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Gidanmu na Agege yana bayan layin dogo, kusa ƙwarai, har in jirgi zai wuce kwanukana na jere sai sun yi ta hira da juna. A can Ebute Metta, hedikwatar reluwe, akwai wani Bature injiniya da Malam ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Da zai koma ƙasarsu sai ya bar masa wani akwati: siraran dogo kamar tsinken tsire, 'yan taragu, ƙaramin kan jirgi guda wanda bai fi tafin hannu ba, da akwatin wuta mai maɓallin murɗawa. Akwatin nan ya yi shekaru a ƙarƙashin gado. Sai da Malam ya yi ritaya ya jawo shi. Ya samo tsofaffin ƙyamare biyu ya ɗora bisa bencuna a ɗakin baƙi, ya shimfiɗa dogo a kai, ya gina hanyar Arewa kaf. Garin katako ya rina da kore ya zama daji. Gwangwanin madara ya zama tankin ruwa, ashana ta zama gidajen ma'aikata. Gadar Jebba da waya ya saƙa ta, ya zuba fasasshen madubi a ƙarƙashi ya ce kogin Kwara ke nan. Kan jirgin kuwa shi ya shafa masa fenti kore da ratsin rawaya, irin wanda ya tuƙa. Na yi masa faɗa a kan ɗakin nan ba sau ɗaya ba.

"Malam, baƙi fa? A kan gadar Jebba za su kwana?"

"Su kwana a Minna, Asabe, ta fi iska."

Haka yake. Ba ka iya faɗa da shi ya yi nisa.

Shekarar da soja suka koma bariki, kowa a Agege maganar sabon zamani yake, a rediyo, a bakin famfo, a cikin danfo, motocin hayar nan masu rawayan fenti. Ni a gidana zamani baya ya juya. Malam ya fara da mance inda ya ajiye carbi. Daga nan ya tambaye ni ko uwarsa ta dawo daga rijiya, matar da ta rasu tun ban zo gidan ba. Sai ya shiga sa tsohuwar hularsa ta aiki da hantsi ya fice, wai an sa shi jirgin Kano. An tsinto mana shi a Oshodi. An tsinto shi a Oyingbo, zaune cikin masu doya, babu takalmi ɗaya. Duk wannan da sauƙi. Abin da ke hana ni haɗiyar abinci shi ne layin dogon nan na bayan gida. Kun san yadda kasuwa take baje a kansa, masu tattasai da masu gwanjo kowa da farantinsa a tsakanin ƙarafa, jirgi na yin kuka a kwashe, yana wucewa a mayar. Mai hankali ma da ƙyar yake sha. Malam kuwa in ya fita nan ƙafarsa take fara kai shi, ya bi tsakiyar dogo yana duba kusoshi. Na gwada kulle ƙofa. Ya yi ta dukanta har bayan hannunsa ya fashe, yana roƙon Oga ya yi haƙuri, ba da gangan ya makara ba. Mutumin da ya ja unguwa salla. Wani ya ba ni shawarar mari, irin na mahaukata. Na ce masa ya kai wa ubansa.

Allah ne ya buɗe mini ƙofa, ba dabarata ba. Wata rana na dawo daga ajin yaƙi da jahilci da muke yi a makarantar bayan masallaci, na tarar da shi zaune gaban allon jirginsa, hula a kai, hannu bisa maɓalli, bai murɗa ba. Hawaye na bin gemunsa.

"Malam, lafiya? Ga wuta akwai, me ya hana ka tashi?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Ba a ba ni sanda ba. In tashi ba sanda, in kashe bayin Allah?"

Matar direba ta san sanda. Hanyar Arewa layi ɗaya ce, mai zuwa da mai dawowa duk a kanta suke bi. Saboda haka tsakanin kowace tasha da ta gabanta akwai wani guntun ƙarfe da ake sawa cikin zobe na gora, shi ne sandar hanya. Wanda ke riƙe da ita shi ke da layi. Direba ba ya motsawa sai mai tasha ya miƙa masa, in ya isa tasha ta gaba ya miƙa ta, a ba na baya. Malam ya mance sunan unguwarsu, ya mance ya ci ko bai ci ba, amma wannan doka tana nan daram a ƙirjinsa. Na shiga madafa na ɗauko tsohuwar muciyata da ta karye, na datse ta, na lanƙwasa waya na yi mata zobe. Na dawo na tsaya a gefensa na daddage murya.

"Direba! Ga sandarka. Layi a buɗe yake har Ibadan."

Ya miƙe tsaye, ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Oga." Ya zauna ya murɗa. Ɗan koren nan ya ja taragunsa a hankali, Malam na binsa da ido, fuskarsa ta dawo irin ta da. Da ya zagayo ya tsaya daidai Agege, ya miƙo mini muciyata, ya ce, "Asabe, akwai ruwan zafi?" Ya kira sunana. Ya yi wata da watanni bai kira ba.

Tun daga ranar na zama mai tasha. Da safe in miƙa sanda, da azahar in karɓa a yi salla a ci abinci, da la'asar in sake miƙawa. Kuma ga babban abin: in ya nufi ƙofar gida da hularsa, ba na gudu, ba na kulle. Daga inda nake zaune nake cewa, "Direba, ina sandarka?" Sai ya dubi tafin hannunsa, ya ga wayam, ya dawo ya zauna yana jira. Abin da kwaɗo da sarƙa suka kasa, guntuwar muciya ta yi. Wannan allon da kuke kira wasan yara, shi ne katangar da ke tsakanin ubanku da ƙafafun jirgi.

Ana nan wata rana wuta ta dawo da ƙarfi, irin dawowar da ke kashe firji. Ɗan koren yana tsakiyar gadar Jebba ya yi wani ƙauri, ya tsaya. Mai gyaran rediyo ya gyara akwatin wutar, amma kan jirgin ya ce cikinsa ya ƙone ƙurmus. Malam ya hana a taɓa shi. A wajensa jirgi ya mutu a tsakiyar hanya, sanda na hannun direba, layi a rufe yake har sai an kawo ɗauki. Da sandar yake kwana, da ita yake shiga bayi. Kun ga inda matsalar take: yanzu in ya nufi ƙofa na ce ina sandarka, sai ya ɗaga mini ita. Na koma kwanan zaune da gadin ƙofa. Ƙanwarka Rakiya ce ta je wajen buga waya ta shaida maka, kai kuma ka ce a bari, kana tafe da Babbar Salla, za ka kawo wanda ya fi shi.

Ka zo, kuma ban taɓa cewa ba ka yi ƙoƙari ba. Ka je Alaba Rago da kanka ka jawo ragon da sai da unguwa ta fito kallo. Kashegarin Salla da hantsi, muna tsakar gida ni da Rakiya muna suya, ka buɗe kwalin nan. Na leƙo na gani. Kai, abu ya yi kyau. Dogo ne, ya kusa kamu biyu, ja da ruwan azurfa, ƙafafu shida gaba shida baya, da fitila mai haske da 'yan mutane a ciki. Ka ce irin na Amurka ne, wanda ke jan tarago ɗari. Na ce maka ka dakata in gama kwashe naman nan in zo in yi wa Malam magana tukuna. Ka yi dariya.

"Hajiya, sai an cika fam kafin a kunna abin wasa? Bari in ba shi mamaki."

Ka ɗora shi a Ibadan, ka murɗa maɓalli har ƙarshe. Ba ka cire mataccen da ke kan gada ba, don ba ka lura da shi ba. Ni daga madafa ihu kawai na ji, irin wanda ban taɓa jin ya fito daga bakin Malam ba. Ya ga jirgi ya shigo layin da yake rufe, ba sanda, a guje, ya nufi bayan nasa. Kafin in ajiye matsami ya fizge jan ɗankwalin Rakiya daga igiyar shanya ya yi waje. Tsoho mai ciwon gwiwa, amma ba wanda ya cim masa a lungu. Dokar aikinsu ce: in jirginka ya mutu a hanya, ka koma baya da jan ƙyalle ka tsai da na bayanka, ko da ranka. Kuma Allah ya sa daidai lokacin jirgin gaske mai tasowa daga tashar Iddo ya yi kuka.

Da na fito bakin dogo, 'yan kasuwa sun riga sun kwashe kayansu, layi ya yi fayau, ba kowa a kai sai ubanku. Yana tsaye a tsakiya, ƙafafu a ware, sanda a hagu, ɗankwali a dama, yana kaɗawa. Jirgi na tahowa da mutane har a rufinsa, yana kuka ba ƙaƙƙautawa. Ni da ake cewa ba na tsoron kowa, na tsaya kamar an dasa ni. Iya Muri ce, Bayarabiyar nan mai tattasai da muka yi shekaru muna faɗa a kan kwata, ta yi kururuwa da yarensu ta yi tsalle ta rungume shi ta baya, wani mahauci ya kama su duka biyun ya fizgo. Suka zube cikin kwandon tumatir. Iskar jirgin ta ɗauke hularsa. Yana kwance a ƙasa yana kuka yana cewa bai tsaya ba, Oga, na ba shi ja bai tsaya ba. Iya Muri na haki, zaninta ya kwance, ta dube ni.

"Mama Kabiru, wannan baba naka, ka riƙe shi da kyau o. Gobe ni ba ya nan."

Da la'asar, da muka samu ya yi barci, aka yi maganar da ta raba mu. Ka shiga ɗakin baƙi ka cire mataccen, ka ce bari ka nuna mini da ba don shi ba da lafiya lau. Ka kunna naka. A miƙaƙƙiyar hanya ya tafi kamar ruwa. Yana isa lanƙwasar Minna ya sauka daga dogo ya kwanta. Ka mayar, ya sake faɗuwa. Ya yi wa hanyar tsawo, lanƙwasar Malam matsattsiya ce, da ɗan gajeren jirgi aka auna ta. Sai ka ce laifin allon ne. A ɓamɓare shi duka, ka kawo kafinta ya yi sabo mai faɗi, a sayo sabon dogo. In kuma ba haka ba, a daina wannan wasan kwaikwayo a kai Baba asibitin da ake ajiye irinsu.

"Hajiya, kin mai da Baba yaro. Kina ba shi muciya yana ce miki Oga. Abokaina su zo su ga wannan?"

"Abokanka su zauna inda suke. Allon nan da hannunsa ya gina shi, yatsunsa sun san kowace kwana ko da kansa ya mance. Ka ɓamɓare shi, ka ɓamɓare abin da ya rage masa."

"To ki bar nawa a kai. Kin san daga inda na ɗauko shi?"

"Na sani. Kai ka sayo abin da zai burge ka ne. Ni ina neman abin da zai sa ya gane ni."

Harshena da kaifi, ban musa ba. Amma ko yau aka sake, abin da zan faɗa ke nan. Na mai da jirginka cikin kwalinsa, na naɗe da zanina mai kyau, na ɗora saman kabad. Ban jefa ba. Ɗorawa na yi. Kai kuma ka haɗa jakarka kafin naman Salla ya huce.

Saura neman wanda zai maye gurbi, a garin da ko sunan abin ba a sani ba. Da Malam ya farka na je masa a matsayin mai tasha, na ce an aiko daga Ebute Metta, an janye jirginsa zuwa gidan gyara, ya ba ni sanda ya huta. Ya ba ni. Wannan ya saya mini 'yan kwanaki. Rakiya da ke aure a Isolo ta ce a bayan layinsu akwai rumbunan da ake sauke kayan gwanjo na Turai, komai da komai, daga keken ɗinki har haƙorin roba. Na bar ta da gadin ubanta, na ƙulle mataccen a bakin zani, na karyi tsinken tsintsiya daidai faɗin dogon Malam na soke a ɗankwali, na hau danfo. Rumbu bayan rumbu ana yi mini dariya, Hajiya da lulluɓi tana neman jirgin wasa. Har na faɗa wajen wani ɗan Ibo mai fara'a, wanda ya yi zaman Kano yana jin Hausa. Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tarin takalma ya zazzage. Kawunan jirgi ne a ciki, manya da ƙanana, wasu ba ƙafa.

Na zauna a ƙasa na baje su. Na fara da tsinke: duk wanda tsakanin ƙafafunsa bai yi daidai da shi ba, gefe. Rabi suka tafi. Sannan tsawo: na jera su da mataccen, duk wanda ya fi shi da yawa, gefe, na ga abin da Minna take yi wa dogaye. Masu ƙafa shida-shida duk na ture, na bar masu huɗu gaba huɗu baya. Sannan na ɗaga kowanne a tafin hannu, domin Malam ya sha faɗa cewa kan jirgi marar nauyi ƙarya ne, sai ya yi ta sulɓi bai ja komai ba. Mai kayan yana kallona yana murmushi. Can sai ya ce in tsaya, yana da na musamman. Ya shiga ciki ya fito da wani baƙi mai bututu, irin na kwal, da sandunan ƙarfe a ƙafafunsa. Ya ɗora a guntun dogo ya haɗa da batir, ya ɗiga masa wani mai. Sai ga shi yana tafiya yana fitar da hayaƙi na gaske.

"Hajiya, wannan shi ne na tsofaffi. Baba ya gan shi, wallahi sai ya tuna yana yaro."

Na daɗe ina kallonsa. Ya yi daidai da tsinke, gajere ne, yana da nauyi. Kuma gaskiya ya faɗa, Malam zai tuna yana yaro. Abin da na ji tsoro ke nan. Mutumin da kansa ke zamewa baya, duk inda ka ajiye shi nan yake zama. In na kai masa na kwal, na mai da shi saurayi mai shebur, wanda uwarsa ke da rai, wanda bai taɓa jin sunan Asabe ba, bai haifi Kabiru ba, bai haifi Rakiya ba. A zamanin kwal ba mu cikin duniyarsa. Da dizal ya aure ni, da dizal aka yi sunanku, daga kan dizal yake saukowa da rake da kilishi a jaka kuna rige-rigen tarbarsa. Naka kuma na Amurka ba ya cikin kowace shekara ta rayuwarsa, baƙo ne da ya shigo layi ba izini. Ba kan jirgi na je zaɓa Isolo ba, Kabiru. Shekarun da ubanku zai ƙarasa zama a cikinsu na je zaɓa, na kuwa zaɓi waɗanda kuke ciki.

Na ce wa ɗan Ibo ya mai da mai hayaƙinsa. Cikin masu dizal biyu suka rage. Na sa ya gwada su, na ce ba gudu nake so in gani ba, ya rage wuta iyakar ragewa. Ɗaya ya yi ta fizga kamar akuya a igiya. Ɗayan, wani shuɗi mai ƙoƙƙofaffen fenti da karyayyen tsani, ya taho a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, yana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Malam ya ce ana gane direba ne a shiga tasha, ba a daji ba. Na ce wannan. A hanyar dawowa na tsaya wajen mai fentin danfo a bakin gareji, na ajiye masa mataccen da rayayyen, na ce ya mai da wannan kamar wancan. Ya ce rawaya dai ba a fi su ba, kore ne sai ya haɗa. Ya yi aikin da gashin kaza, yana yi yana dariya, ya ce bai taɓa fentin motar da kwandasta ba zai rataya a jikinta ba.

Da safe na ɗora shi a tashar Agege kafin Malam ya shigo. Ya zo ya tsaya. Ya sunkuya ya dube shi ta gaba, ya dube shi ta gefe, ya sa yatsa ya taɓa karyayyen tsanin.

"Sun gyara shi," ya ce. "Amma ba su gyara tsani ba. Mutanen Ebute Metta ke nan."

Na miƙa sanda. Ya murɗa. Ɗan koren ya bi lanƙwasar Minna kamar a nan aka haife shi.

Daga wannan rana har Allah ya karɓi abinsa, ƙafar ubanku ba ta sake taka layin dogon Agege ba. Ko lokacin da gari ya rikice da faɗan ƙabilanci, mutanenmu suna cika manyan motoci suna yin Arewa, ƙannena suka aiko in taho, na ce ƙyamare biyu da gadar waya ba sa shiga mota su fita da rai, in kuwa allon bai tafi ba Malam bai tafi ba, ni ma haka. Muka rufe ƙofa muka zauna. Iya Muri ta dawo da farantin tattasanta bakin zaurenmu ta kafa, duk wanda ya tambaya ta ce gidan 'yar'uwarta ne. A waje ana gudu, a ciki jirgin Kano na tashi a kan lokaci. Ba kullum yake gane ni ba, kada in yi muku ƙarya. Yawanci Oga ce ni. Amma in ya zagayo ya tsaya a Agege, sau da yawa sai ya ɗago ya ce Asabe, yaran sun ci abinci? Wata rana ya ce in gaya wa Babba ya daina hawa katangar reluwe, zai faɗi. Kana ransa, a shekarun da na zaɓa masa. Kai kuwa Salla ta zo ta wuce ba ka zo ba, in ka bugo waya Rakiya kake nema. Wannan shi ne kuɗin da na biya wa ɗan koren nan, ba abin da na ba ɗan Ibo ba.

Ranar da zai rasu, da hantsi ne, damina ta sauka. Jikinsa ya yi nauyi kwana biyu, amma ya ce a zaunar da shi gaban allo. Na miƙa sanda, ya karɓa da ƙyar. Ya tashi jirgi a hankali, ya wuce Ibadan, ya haye gada, ya bi Minna da Kaduna. Bai zagayo Agege ba. A Kano ya tsaya, ya rage wuta sannu-sannu har gurnanin ya ɗauke, bai wuce alamar tsayawa da ko ƙwayar gero ba. Ya juyo ya miƙo mini muciyata.

"Na iso, Asabe. Karɓi, ki ba na baya."

Na karɓa. Na kwantar da shi, na yi ta maimaita masa kalmar shahada yana bina, kafin azahar ya cika. Ka iso bayan an yi bakwai, ka yi gaisuwa kamar baƙo, ba ka shiga ɗakin baƙi ba, ni ma ban ce ka shiga ba. Girman kai gado ne, a wajena ka sha shi.

Allon yana nan, ina share masa ƙura duk Juma'a. Jirginka yana saman kabad cikin zanina, ban taɓa barin damshi ya taɓa shi ba. Ɗan koren na janye shi na ajiye a gefen tasha, layi ba kowa. Na san naka zai faɗi a Minna. In ka zo ka buɗe lanƙwasar da hannunka yadda kake so, yanzu ba wanda za ta ɓata wa lissafi. Ubanka ya ce in ba na baya, kai ne na baya. Sanda tana hannuna, Kabiru, hannun kuma ya fara rawa. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya isa tashar da ba a sake tashi. Kai kuma Allah ya kawo ka tun mai tasha tana bakin aiki.